A rage kuɗin gidan yari a ƙara wa makaranta? Muhawara a zauren Hausawa mazauna Legas

Malamin Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku. Gidan yarin Ikoyi an gina shi ne a 1955 don mutum 800. Da wayar lantarki ta kashe fursunoni 5 a cikinsa a watan Disambar 2019, sai duniya ta ji cewa mutum sama da 3,000 ne cunkushe a wurin. A faɗin ƙasar nan akwai wajen mutum 80,000 a tsare, kuma kusan 2 cikin kowane 3 ba alƙalin da ya yanke musu hukunci, jiran shari'a kawai suke yi. Maganin da gwamnati take kawowa shi ne a gina sabbin manyan gidaje masu ɗaukar mutum 3,000, irin wanda aka yi a Janguza ta Kano. A gefe guda kuma UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, UNESCO ma a 2022 ta ce sun kai wajen miliyan 20, kuma mun san 'ya'yan su wane ne suka fi yawa a ciki. Ni a firamare nake koyarwa, yaran ajina sun fi ƙarfin malami ɗaya. Ra'ayina shi ne a daina zuba kuɗi wajen gina gidan yari, a mayar da su aji. Me kuka gani?

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni kam ban yarda ba. Direba ya taso da kaya tun daga Kano, ya kwana biyu a hanya, a tare shi da bindiga cikin dare, a kwashe abin da ke jikinsa, motar ta tsaya har tumatirin ya ruɓe a kwando. Wanda ya aikata wannan, makaranta za a kai shi? Ku tuna gidan yarin Kuje a Yulin 2022, sama da mutum 800 suka fice a dare ɗaya. Owerri a Afrilun 2021, sama da 1,800. Na Suleja a Afrilun 2024 ma ba wanda ya kai hari, ruwan sama ne ya kayar da katanga, fiye da mutum 100 suka gudu. Gidan da ruwa ke rushe wa katanga shi za a rage wa kuɗi?

Malamin Agege:
Alhaji, ban ce a buɗe wa ɗan fashi ƙofa ba. Tambayata ita ce, a cikin mutum 3,000 na Ikoyi, nawa ne 'yan fashin?

Baba Tsohon Gandiroba:
Malam, ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma bari wanda ya ci rayuwarsa a aikin nan ya faɗa maka abin da ke bayan katanga. Babu wani kuɗi a can da za ka kwasa. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawa ya ce Naira 750 ake ware wa fursuna na abinci a rana, karen hukumar kuma Naira 800. Daga baya aka ƙara na fursuna ya koma Naira 1,125. Safe, rana da dare ke nan, kuma a ciki ɗan kwangila zai cire ribarsa.

Na tsaya a kan rabon gabza shekara da shekaru. Wake ne da ruwa ya fi ƙwaya yawa, ka sa ludayi ka ɗebo kana ƙirga ƙwayoyin da ido. Ɗakin da aka yi don mutum ƙalilan, sai ka tarar ana kwana a gefe ɗaya kamar an jera cokula, in ɗaya zai juya sai duk layin ya juya. Ƙazuwa ba ta barin kowa, tarin fuka kuwa in ya shiga ɗaki ya sami wurin zama. Ranar kotu a ce motar ba mai, mutum ya yi wanka ya sa rigarsa ɗaya mai kyau tun asuba, ya wuni a bakin ƙofa, a mayar da shi ɗaki, alƙali kuma ya ɗaga ƙarar zuwa wata biyu ko uku. In ka rage kuɗin nan ba gwamnati ka hukunta ba, waɗannan bayin Allah ka kashe. Yawancinsu ma, kamar yadda ka faɗa da bakinka, ba a same su da laifi ba.

Ɗalibar LASU:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ɗaliba ce a LASU, jami'ar jihar Legas. Na buga lissafin a waya. In muka ɗauka mutum 80,000 ne, Naira 1,125 kowanne, Naira miliyan 90 ke nan a rana, a shekara kusan biliyan 33. Kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai majalisa ya ware wa ilimi tiriliyan 3.52. Wato ko an hana kowane fursuna abinci shekara guda cur aka miƙa wa ma'aikatar ilimi, ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Malam, ku yi haƙuri, amma lissafin bai goyi bayanku ba. A Amurka ne wannan magana take da ƙarfi, don su suna da mutum kusan miliyan 2 a tsare kuma kuɗi na gaske suke kashewa a kansu.

Maman Biyu, Idi-Araba:
Ni ban iya lissafin biliyan ba, amma ina da abin faɗa. Ƙanena ya zo daga gida yana tura kurar ruwa a unguwa. Wata rana da daddare aka zo kame, aka kwashe duk wanda ke bakin titi, har da shi, da silifas ɗaya a ƙafa. Sai da muka yi ta yawo ofis ofis kafin mu san inda yake. Da aka kai shi kotu ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, aka ce babu tafinta, a dawo wani lokaci. Aka ba da beli, amma sai mai tsaya masa ya kawo takardar biyan haraji da adireshin da za a je a tabbatar. Mu da muke haya a ɗaki ɗaya, wa muka sani mai wannan? Damina ta shiga ta fita yana ciki. Ranar da lauya ya tsaya a kan maganar, aka duba fayil ɗin, ba mai ƙara, ba shaida, aka sallame shi.

Yaron da ya fito ba shi ne ya shiga ba. Da ko taba ba ya sha. Yanzu ya san sunan ƙwayoyin da ni ban taɓa ji ba, abokansa duk waɗanda ya haɗu da su a can ne, kurar ma ya ce ba zai ƙara turawa ba. Duk abincin da gwamnati ta ba shi a watannin nan, me ta saya da shi? Alhaji, ku gaya mini.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Allah ya shirya shi, 'yar uwa. Wannan zalunci ne, ban musa ba.

Barista:
Sannu Maman Biyu. Abin da ya sami ƙanenki doka ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma kuma ba ya jin harshen kotu, a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Ita kuma dokar 2019, wadda ta mayar da sunan gidan yari gidan gyaran hali, ta ba hukumar damar ƙin karɓar sabon mutum in gida ya cika, ta kuma kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Legas ma ta riga sauran jihohi fara wannan. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da Malam da ƙanwata ta LASU duk ba su taɓo ba. Aljihun da ke ciyar da fursuna daban, aljihun da ke aika shi can daban. Mafi yawan waɗanda ke tsare dokar jiha ake zarginsu da karyawa, kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'a ta jiha ce ke riƙe da fayil ɗinsu ana jiran shawarar lauyan gwamnati. Amma Abuja ce ke biyan abinci da albashin gandiroba. To gwamnan da bai taɓa biyan kuɗin kwano ɗaya na gabza ba, me zai sa ya damu in mutum ya shekara uku yana jira? Ba ya jin zafin a jikinsa. Firamare kuwa nauyin jiha da ƙaramar hukuma ne. Saboda haka ko Abuja ta yi rarar kuɗin fursuna, ba hanyar da zai bi da kansa ya faɗo ajin Malam a Agege.

A Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon mallakar gidajen yari, tare da jirgin ƙasa da lantarki. Jihohi sun yi rububin na lantarki, na gidan yari kuwa kusan kowa ya kau da kai. Ni abin da zan goyi baya shi ne a ce duk jihar da ta bar mutum ya wuce wa'adi yana jiran shari'a, ita za ta biya kuɗin ciyar da shi, a cire daga kasonta. Ranar da kwamishinan kuɗi ya fara ganin wannan a takarda, za a sami tafinta.

Ɗalibar LASU:
Anti Barista, wannan ya sa na sake duba wani abu. A Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara kawai ta riƙe su, da Naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. A farashin 750 na lokacin, abincinsu ya haura miliyan 3 a rana. Cikin wata shida da 'yan kwanaki gwamnati ta kashe daidai da dukan tarar da take jira su biya. Har yanzu ina kan bakana cewa kuɗin ba zai gyara ilimin ƙasa ba, amma ɓarna ce tsantsa. Mutum ɗaya a farashin yanzu ya haura Naira 400,000 a shekara, abinci kawai.

Malamin Agege:
Madalla 'yata. Abincin mutum 3 a wata ya haura Naira 100,000, mafi ƙarancin albashi a Legas kuma 85,000 ne. Duk mutum 3 da aka riƙe ba gaira ba dalili, albashin ma'aikaci guda ne aka zubar. Ke kina kallon tiriliyan, ni ina kallon ajin da ba malami.

Tsohon Ɗan Acaba:
Malam da Barista, ku ba ni dama, ni ƙaraminku ne. Kowa na cewa makaranta, makaranta. Ni na gama sakandare a gida, da takardata na zo Legas, acaba na ƙare a kai. Tare da ni akwai masu NCE da difloma a bakin layi. Ran 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa da Mainland da Island, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi, Shomolu da Kosofe. Babura aka riƙa murƙushewa a gaban kyamara, wasu ma bashi ne ba a gama biya ba. Ban ce gwamnati ba ta da hujja ba, an yi haɗurra da yawa kuma akwai ɓata-gari a cikinmu. Amma dubban samari suka wayi gari ba abin yi. Wasu sun koma gida, wasu bola jari, wasu sun shiga abin da ba zan faɗa a nan ba. Makarantar da za ta ba ka takarda ta sake ka a titi ba ta hana ka shiga gidan yarin Kirikiri. Sannan waɗanda suka sace biliyoyin ƙasar nan, akwai wanda bai yi jami'a ba a cikinsu? Ni in za a mayar da kuɗi, a kai wajen koyon sana'a. Legas tana da kwalejojin fasaha a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Ado-Soba da Epe. Guda 5 ga gari irin wannan. Yanzu gyaran sola nake koya a hannun wani Bayarabe, Allah ya saka masa, kuma shi ya fi mini takardar amfani.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ni kuma zan faɗi wadda ba a son ji. Muna ta gwamnati, gwamnati, mu fa? Makarantar gwamnati a Legas kyauta ce, jiha ma tana biya wa ɗalibanta kuɗin WAEC. Amma ku shiga Alaba Rago ko Mile 12 da ƙarfe goma na safe ranar Talata ku ga 'ya'yan wa ke yawo da tire a ka. Uban zai ce ai ba zama ya zo yi ba, kuɗi ya zo nema zai koma. Shekara ashirin yana faɗar haka, yaron ya girma a nan, bai yi boko ba, allon ma bai sauke ba.

Kuma kuɗin ilimin da ake da shi ma an taɓa shi? Tun dokar 2004 ake ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya, don firamare da ƙaramar sakandare. Sharaɗin kawai jiha ta kawo nata rabin ta karɓi rabi. Duk shekara sai hukumar ta fito tana kukan biliyoyi na nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Makarantun tsangaya 157 da aka gina zamanin Jonathan, da yawa an bar su sun lalace. To in an ƙwato na fursuna an ƙara a kai, hannun wa zai shiga?

Malamin Agege:
Hajiya, gaskiya kika faɗa a kan iyaye, kuma mu malamai muna bi gida gida muna roƙo. Amma kada mu ce ba a iyawa, don a garin nan aka taɓa yi. Kafin 1979 yaran Legas kashi kashi suke zuwa makaranta, wasu da safe wasu da rana, saboda ƙarancin aji. Lateef Jakande ya hau ya soke wannan, ya gina azuzuwa a kowace unguwa. An yi ta yi masa dariya wai ginin ba kyau, amma yara sun zauna, kuma kafin ya sauka a 1983 ya kafa jami'ar da 'yarmu ke karatu a ciki yau. Shekara 4 kacal. Abin da ya yi shi ne ya zaɓi inda kuɗi zai fara zuwa. UNESCO na ba da shawarar kashi 15 zuwa 20 na kasafi ga ilimi, mu tarayya ta daɗe tana yawo tsakanin 5 da 8. Na ji Baba, kada a taɓa kwanon fursuna. Amma sabon gini mai cin mutum 3,000, alhali in an yi wa masu jira shari'a, gidajen da ake da su za su sami sarari, wannan kam ban ga dalilinsa ba.

Baba Tsohon Gandiroba:
Nan kusan mun haɗu, ɗana, sai dai gidajen da Turawa suka bari dole a sake gina wasunsu, Alhaji bai yi ƙarya ba a kan katanga. Abin da nake so ku sani kuma shi ne makaranta tana iya shiga cikin gidan yarin kanta. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Kirikiri, kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta a hannun fursuna. Akwai waɗanda suka yi digiri a ciki, har da na biyu. A 2018 UNESCO ta ba hukumar lambar yabo a kan wannan shiri. A iya abin da na gani da idona, wanda ya kama littafi ko ya zauna a shagon kafinta da ɗinki, da wuya ka sake ganinsa ya dawo. Wanda ya wuni a ɗaki yana sauraron manyan ɓarayi, shi ne ke dawowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai yara ne. Gidajen horon yara na tarayya da aka daɗe da su 3 ne, Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Sai a ƙara wa yaro shekaru a takarda a tura shi cikin manya. A Agustan 2017 babbar alƙaliyar Legas ta lokacin ta je gidan yarin Badagry ta saki yara 80 a rana ɗaya. Kun kuma ga yaran da aka kai kotu a Abuja a Nuwambar 2024 bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, suna faɗuwa a gaban alƙali saboda yunwa. Yawancinsu namu ne.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Na saurari kowa. Mai kurar ruwa da mai talla da wanda tara ta riƙe, a sake su, ba ni da ja. Amma har gobe ina cewa kada a rage ko sisi a kan tsaron gidan da ake ajiye masu garkuwa da mutane. In ana neman kuɗin makaranta a je a duba motocin 'yan majalisa da kuɗin da ke tafiya biyan bashi, can ne kuɗi yake. Malam, kai ma ka sani.

Malamin Agege:
Na sani Alhaji, kuma ba zan fasa neman duka biyun ba.

Maman Biyu, Idi-Araba:
Barista, akwai maƙwabciyata, ɗanta na ciki tun bara, ita ma ba ta da mai tsaya mata. Ina za ta dosa?

Barista:
Ta je ofishin lauyoyin kare marasa hali na jihar Legas, wanda ake kira OPD, tun 2000 yake kuma kyauta ne. Akwai kuma hukumar ba da agajin lauya ta tarayya. Ta riƙe abu uku: sunan kotun, lambar ƙarar, da ranar da aka kai shi zama na ƙarshe. In ba ta da lambar, ofishin rajista na gidan da yake tsare suna da ita a takardar da aka kawo shi da ita. Kada ta ba kowa kuɗi a bakin kotu wai zai nemo mata mai beli.

Shugaban Zaure:
Jama'a, kada kowa ya rubuta sunan wanda ke tsare a nan. Mai irin wannan matsala ya tura wa Barista ta akwatin sirri. Muna kuma neman mutum uku ko huɗu masu jin Turanci da Hausa sosai da za su iya ba da ranar aiki ɗaya a wata, Barista ta ce za ta binciki yadda kotu ke karɓar tafinta. Hajiya, maganar yaran kasuwa kuma za mu kai ta gaban shugabannin Mile 12 da Alaba Rago bayan sallar Juma'a, ke da Malam za ku jagoranta.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Na amince, amma Alhaji ya zo da mu, don shi suke jin maganarsa a kasuwar.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
In sha Allahu zan zo. Malam ya taho da bayanin takardun da ake buƙata wajen sa yaro aji ɗaya, don abin da za su fara tambaya ke nan.